Mazaunin Tulu

Ni bakanike ne, injin jirgin ruwa nake gyarawa a wata rumfa a bakin gaɓa, kuma ba abin da ke ɓata mini rai kamar a kawo mini lafiyayyen inji a ce in nemo masa ciwo. Haka Baba Masunci ya yi ta yi mini.

Kukansa ɗaya ne. Da ya murɗa mai sai jirgin ya ɗaga hanci sama, baya ya nutse, inji ya yi ta gurnani yana zuƙar fetur, tafiya kuwa kamar ta jakin da aka lafta wa kaya. Na canza fulogi. Na wanke kafireto. Na sa sabuwar farfela, na sauko da ƙarfen da ke saita kwanciyar injin har ramin ƙarshe, duk a banza. Ranar da ruwa ya shigo masa ta baya a wurin kwana har ya kusa kifewa, 'yarsa ta samo mai saye. Ta ce idan ban gyara ba, jirgin ya bar gidansu.

"Baba, injin nan ya fi ni lafiya," na ce. "Mu shiga ruwa in gani da idona."

Muna fita na gane. Shi a baya, tankin mai a baya, taru a baya, gaba fayau. Katakon zama na gaba kuwa ya goge har yana ƙyalli.

"Wa ke zama a nan?"

Ya kau da kai. "Tulu."

Tulu ƙanensa ne, ƙaton mutum, ƙibarsa ce ta jawo masa sunan. Tare suke kamun kifi tun suna samari, sai bana da ɓarin jikinsa ya shanye. Kuma ashe tsohon nan kunyar katakon yake ji, ko jarka ba ya yarda a ɗora a kai, wai mai wuri zai dawo.

Da kyar na lallashe shi muka ɗora buhun yashi. Hancin ya kwanta, jirgin ya miƙe sumul, har na fara washe baki. Sai muka zo kwana, igiyar ruwa ta buge mu ta gefe, muka sha ruwa har idon sawu. Na jefar da buhun na zauna da kaina. Baba ya karya dama, ni na karkata hagu, saura ƙiris mu kife.

"Kai ma buhu ne, ɗana," in ji shi, ba fushi a muryarsa. "Tulu tun kafin in karya ya riga ya kwanta. Ban taɓa ce masa ya matsa ba."

Tausayinsa ya kama ni. Wannan ba gyaran sifana ba ne.

Na raka shi gida don in yi wa 'yarsa bayani. Ɗakin Tulu na kallon ruwa, yana kwance a katifa, baki a karkace, 'yar na goge masa haɓa. Ina cikin kame-kame wani jirgi ya wuce, muka ji injinsa ya sassauta zai sha kwana. Sai kafaɗar Tulu, mai lafiyar, ta ɗaga daga katifa ta karkata dama a hankali. Ta tsaya a haka har ƙarar ta miƙe, sannan ta koma.

"Haka Baffa yake yi kullum," in ji 'yar. "Ko yana barci."

Baba Masunci ya daɗe yana kallon ƙanensa. Sannan ya ciro igiyar tayar da injin daga aljihu, ya ajiye ta a gefen katifar.

"Kira mai sayen nan," ya ce wa 'yarsa. "Amma ki faɗa masa katakon gaba ba ya cikin ciniki."