Ƙarfen da Ya Ɗauki Gida

Kassim ya san ƙarfe, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Shekara tara yana kwance ƙarƙashin motoci a wani gareji a unguwar Stratford ta London, tun zuwansa daga zangon Kumasi, har ta kai idan mota ta shigo tana kuka yakan faɗi ciwonta kafin a buɗe gabanta. Abin da bai iya ba shi ne ya dubi babba ya ce masa a'a. Ga shi kuma Allah ya jarrabe shi da son Murja, 'yar Alhaji Zailani na Dagenham, mutumin da ba a taɓa gaya wa ya yi kuskure ya yafe ba.

Alhaji Zailani ma'aikacin gwamnati ne da aka turo London kwas na wata tara tun ana kashe fam a Najeriya. Kwas ya ƙare, Alhaji bai koma ba. A nan aka haifi Murja, ta girma, ta zama nas. Wata takwas ke nan dangin Kassim suna kai gaisuwa, Alhaji bai ce i ba, bai ce a'a ba, kullum amsarsa ɗaya ce, wai ana dubawa. Kassim ya rame don son yarinyar nan, kuma ya san kuskure guda ya isa a rufe masa ƙofa.

Da zafin shekarar 1991 Alhaji ya tashi da dabarar arziki. Zai riƙa sayen tsofaffin motoci yana kai su tashar jiragen ruwa ta Tilbury, a loda su zuwa Legas. Da ya tambayi kuɗin tirelar ɗaukar mota, ya ce Turawa ba sa tsoron Allah. Ana nan sai ya kai iyali shan iska bakin teku a Essex, inda Turawa ke girke dogayen gidajen kwano masu ƙafa, waɗanda suke kira karaban. Ya tarar ana farfasa wani tsoho, ya hango ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun, aksil a bakin makanikai, ya saye shi da tayoyinsa a arha. Wani mai walda ya liƙa masa shi a ƙarƙashin faffaɗan ƙarfe. Alhaji da kansa ya shafa koren fenti, ya rubuta a baya da farin fenti: Sannu Ba Ta Hana Zuwa.

Sai ya aika a kira Kassim. Ba shawara yake nema ba, so yake yaron ya ga irin gidan da yake neman shiga.

Kassim ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya leƙa ƙarƙashin tirela. Ya san irin wannan ƙarfen. An yi shi ne don a gangaro da gida daga kan babbar mota a tura shi inda zai zauna, tafiyar ɗan taki kaɗan, a hankali kamar mai rakiya, shi ke nan aikinsa ya ƙare har gidan ya ruɓe. Ba birki, ba sifirin, tayoyin ba na titi ba ne, boris ɗin da ƙafa ke juyawa a kansa kuwa in ya ji gudu zai yi zafi ya cinye kansa, ƙafa ta fice.

"Yaya ka gani?" in ji Alhaji, hannuwansa a baya. "Ƙarfen da ya ɗauki gida sukutum, har da ban-ɗaki, mota ce za ta gagare shi?"

Kassim ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya sa albarka, Baba."

Bai runtsa da daɗi ba kwana biyu. A rana ta uku ya yi abin da aka koya masa tun yana ƙarami: mai neman aure ba ya gyara wa suruki magana baki da baki, sai ta bakin manya. Ya tafi wurin kawunsa Issahaku, wanda ke shige masa gaba a neman auren, ya zayyana masa komai.

"Kawu, in aka ɗora mota a kan abin nan aka yi gudu, wallahi ƙafa zai fita. Mutum na iya mutuwa."

Kawu Issahaku ya jinjina kai, ya ce ya ji. Amma shi ma ba ya isa gaban Alhaji kai tsaye, sai ta hannun Malam Almu, aminin Alhajin. A bas ɗin zuwa gidan Malam Almu ya yi ta juya maganar, ya ga ba yadda za a yi a shiga gidan mutane da zancen mutuwa ana tsakiyar neman aure. Saboda haka ya ɗan goge mata ƙura.

"Yaronmu ya ga aikin Alhaji, ya yaba ƙwarai. Sai dai ya ce a riƙa bi a hankali."

Malam Almu shekara ashirin yana cin tuwon gidan Alhaji, kuma bai kai ga haka da kawo labari mara daɗi ba. Ya auna "sai dai" ɗin nan, ya ga nauyi ne na banza, ya yar da shi a hanya.

"Alhaji, makanikin ya duba tirela ciki da bai. Ya ce ko kamfani sai haka."

Alhaji ya shafa gemu ya ce ashe yaron yana da ido. Nan take ya yanke cewa Kassim ne zai ja motar ranar fitar farko. Da labari ya dawo wa Kassim, har da barka aka haɗa masa.

Ranar Asabar da hantsi aka ɗora Fijo fara mai sitiyari a hagu, wadda takardunta na hawa titi suka mutu, aka ɗaure ta da sarƙa. Aka maƙala tirela a bayan tsohuwar motar kayan Alhaji. Da aka gwada fitilun baya, ɗaya ta kama, ɗaya ta ƙi. Alhaji ya ce wannan ba matsala ba ce, Murja ta biyo su a baya da 'yar motarta tana kunna fitilar gargaɗi. Murja ta fito da makulli a hannu, ta yi wa Kassim murmushi ta gefen ido. Kassim ya dubi Alhaji, ya shiga mota ya kama sitiyari. Ya ce a ransa ai sitiyari na hannunsa, zai ja ta yadda aka yi ƙarfen a ja shi, ba wanda zai ji ciwo kuma ba wanda zai ji kunya.

Haka suka hau babbar hanyar Tilbury, Kassim na tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Wani tsoho a kan keke ya wuce su, ya waiwayo ya ɗaga musu hannu. Motoci suka jeru a baya, ana ta hon, direbobin manyan motoci na leƙowa suna zagi da Turancin da ba a koyarwa a makaranta. Alhaji na gefe yana kumbura.

"Kai, gawa muka ɗauko?"

"A'a, Baba."

"To taka mana. An yi booking, an kama wuri, jirgi ba zai jira mu ba."

"To, Baba," in ji Kassim, ya ƙara abin da bai kai a ce an ƙara ba.

Wajen Rainham haƙurin Alhaji ya ƙare. Ya sa aka tsaya a gefen hanya, ya ce namijin da ke tsoron totur bai ga yadda zai riƙe gida ba. Kassim ya zagaya ya taɓa tsakiyar ƙafar tirela, ya janye hannu da sauri don zafi. Ga Murja can a baya ta leƙo ta taga tana tambaya ko lafiya. Ya so ya gaya mata gaskiya. Sai ya tuna wata takwas na gaisuwa, da goro, da durƙuso, ya ɗaga mata hannu alamar ba komai, ya koma ya zauna a kujerar fasinja.

Alhaji ya taka mota kamar yana hanyar Zariya. Ya ce, "Ka gani? Ƙarfe ne na gaske." Ba su yi mil biyu ba ƙaurin giris ya cika motar, sai ƙara, sai tirela ta durƙusa gefe guda tana feshin wuta a kwalta. Ƙafar hagu ta fice ta yi tsalle baya. Sarƙa ta tsinke, Fijo ta sulale cikin kwatar da ke gefen hanya ta kifa hanci a laka. Ƙafar kuwa ba ta sauka ko'ina ba sai a gilashin gaban motar Murja.

Allah ya kiyaye, ɗinki shida aka yi wa Murja a goshi. 'Yan sanda suka zo, ɗaya ya leƙa ƙarƙashin tirela ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ga abin mamaki. Jirgi ya tashi ba Fijo.

Kafin Juma'a ta zagayo, duk wanda ke jin Hausa daga Dagenham zuwa Croydon ya ji cewa makaniki ne ya duba ya ce ko kamfani sai haka. Alhaji da bakinsa yake faɗa a ƙofar masallaci, Malam Almu na gefe yana cewa a gabansa aka yi. Masu kawo wa Kassim gyara suka fara ɗauke ƙafa. Ya je wa Kawu Issahaku da hawaye, yana cewa a fito a faɗi gaskiya.

"Wane gaskiya?" in ji Kawu. "Mata kake so ko gaskiya? Tashi mu je ka ba da haƙuri."

Suka je. Kassim ya durƙusa a kan kafet ɗin falon Alhaji ya nemi gafarar maganar da bai taɓa faɗa ba. Alhaji, wanda ya kwana shida yana neman inda zai sauke kunyarsa, ya ji daɗi har cikin ransa. Ya ce ɗan Adam ajizi ne, ya yafe. Ya ce sana'a kam yaron da saura, amma ladabi irin wannan ba a samunsa a London. A nan take ya ce ya ba shi Murja, aka shafa fatiha.

Kassim ya fito kamar zai tashi sama. Ya tarar da Murja a tsakar gida ta baya tana shanya kayan aikinta, filasta a goshi. Ya gaya mata albishir. Da ya tsaya nan da ya tsira. Amma abin na cinsa a rai, a ce matar da zai aura tana kallonsa a matsayin makanikin da bai san ƙarfe ba. Ya rage murya.

"Ke kaɗai zan gaya wa. Ni tun ranar farko na san ƙafan nan zai fita. Shi ya sa nake tafiya a hankali."

Murja ta ajiye rigar da ke hannunta. Ita da Turanci take amsa wa kowa, Hausa sai ranta ya ɓaci, kuma da Hausa ta yi magana, ɗaya bayan ɗaya.

"Ka sani?"

"Na sani mana. Aikina ne."

"Da muka tsaya a Rainham na tambaye ka, ka ɗaga mini hannu. Ka san ni ce a baya."

"Murja, Baba ne fa. Ta yaya zan..."

"Je ka," in ji ta. "Zan aiko maka da amsa yadda kuke yi."

Kwana uku yana jira. Murja ta gaya wa Malam Almu, Malam Almu ya gaya wa Kawu Issahaku, Kawu ya hau bas ya zo gareji, ya sami Kassim ƙarƙashin wata mota. Kassim ya turo kansa waje, sifana a hannu.

"Kwantar da hankalinka," in ji Kawu, fuska a sake. "Yarinya ya gaishe ka. Ya ce ya yaba da kai ƙwarai. Sai dai a riƙa bi a hankali."

Kassim ya gane. Shi ya taɓa aika saƙo ta wannan hanyar, ya san abin da aka faɗa a can farkonta: Murja ta fasa auren. Ya ce, "To, Kawu," ya koma ƙarƙashin motar, har aka tashi daga aiki ba a ji ƙarar sifanarsa ba.