Lambar Yabo Ranar Wasan Ghana

Masahudu yana tsaye kan kujera yana ɗaura farin zanin gado a jikin gadon sama, don kada mutanen Landan su ga wandunan da aka shanya a bayansa. Ɗakin haya ne a unguwar Bin Omran ta birnin Doha, maza cike, kuma duk wandon da ka tambaya ba shi da mai shi.

A Kumasi malamin firamare ne, a Doha kuwa esi yake gyarawa, na'urar sanyaya ɗaki. Lokacin korona, da aka rufe makarantu, ya buɗe shafi a intanet yana rubuta yadda iyaye za su koya wa yara karatu da marfin kwalba da kwalin sabulu. Don 'yarsa Nusrat ya fara, wadda ya baro tana koyon magana. Matarsa Zuleiha takan buɗe shafin idan akwai data. Sauran duniya kuma ta shigo ba sallama. Yanzu wata ƙungiya a Landan ta zaɓe shi gwarzon masu rubutu kan ilimi, za a karrama shi ta bidiyo da ƙarfe huɗu, daidai lokacin da Ghana za ta kara da Koriya a gasar cin kofin duniya a nan Doha.

Abokin ɗakinsa Shamsudeen ya shigo, ya shafe fuska da launin tutar Ghana.

"Chale, abokina, tikitin wasa na hannunka, za ka zauna kallon Turawa a waya?"

"Nusrat za ta kalla," in ji Masahudu. "Na tura wa mamanta link. Ina so ta ji an kira sunan babanta."

Shamsudeen ya karɓe tikitin tun kafin a gama miƙa masa. "Khalas, shi ke nan. Allah ya ƙara ilimi."

Masahudu ya sa kwat a sama, gajeren wando a ƙasa. Ya aro manyan littattafai wajen Jethro, nas ɗan Jos da ke ɗakin kusa, ya jera su a gefe. Duk na ciwon ƙoda ne, sai ya juya sunayensu bango.

Aka fara taro. Mutane suka yi ta yabon juna. Shi dai idonsa na kan sunayen masu kallo, yana neman na Zuleiha. Ya duba sama, ya duba ƙasa, babu. Amma ya ci gaba da murmushi saboda kyamara a kunne take.

Da aka kira shi ya gyara kwat, ya yi jawabin da ya kwana biyu yana haddacewa, har da labarin Nusrat da marfin kwalba. Sai da ya kai ƙarshe wata baiwar Allah ta sanar da shi cewa makirfonsa a kashe yake. Yana kunnawa Ghana ta ci ƙwallo, gidan gaba ɗaya ya ɗauki ihu, wani yana dukan tukunya. Matar ta gode masa bisa wannan farin ciki, aka wuce ga na gaba. Lambar yabon kanta hoto ce, aka ce ya liƙa a shafinsa.

Bayan magariba waya ta yi ƙara. Nusrat ce, muryarta ta dishe.

"Baba, ban gan ka ba! An kawo talabijin makaranta, na gaya wa kowa babana na Qatar. Mun ga Kawu Shamsu yana rawa."

"Ina wajen karɓar kyauta."

"Ta ƙwallo?"

"Ta karatu."

"To," in ji ta.

Zuleiha ta karɓi wayar. "Maigida, yi haƙuri, ƙanena ya tafi da wayar kallon wasa. An ba ka?"

"An ba ni."

Abin ya yi masa ciwo, ya rasa wanda zai yi wa fushi. Yana shirin sallama Nusrat ta ƙwace wayar.

"Baba, tsaya! Da aka rubuta sunan filin a talabijin, ni na karanta. Education City. Ni kaɗai, ba wanda ya taya ni."

Masahudu ya zauna bakin gado. Ya yi gyaran murya.

"Da kanki? Wa ya koya miki?"

"Ticha Felicia mana."

Ya dubi zanin gadon, ya dubi littattafan ƙoda.

"Ta yi ƙoƙari," ya ce. "Gobe ki ce babanki na gaishe ta."