Lawashin da Ba Ya Yin Kai

Tun da ruwan Kainji ya cinye gungunsu aka kwaso su zuwa Yelwa, abu ɗaya Tabawa ta fito da shi wanda ba a saye a kasuwa: wani lawashi siriri kamar tsintsiya, a cikin fasasshiyar tukunya. Mijinta Sahabi ya samo shi wurin wani kukun jirgin ruwa. Kukun ya faɗi sunansa, Sahabi ya manta kafin ya iso gida, sai ya ce a kira shi marar-kai, tunda ba ya yin kai kamar albasa. Yanka shi ake yi da wuƙa, ya sake tohowa. Ba a tuge shi. A Yelwa ta dasa shi a wata kusurwa a bayan ɗaki.

Sahabi ya rasu. Shekara goma sha biyu Tabawa tana yanka ɗan ganyen a miyar kifinta, tana ci ita kaɗai.

Da zazzaɓi ya kwantar da ita a asibiti, ɗanta Jibrin ya zo daga Sakkwato. Shekara uku rabonsa da gidan. Irinsa ba sa zama su tambaya, aiki suke nema da hannu don kunya ta sake su. Ya ga ganyen ya yi tsawo, ya yi abin da kowane ɗan manomin albasa zai yi: ya tuge ya duba ƙasan. Babu kai. Ya watsa wa awakin maƙwabta, ya sayo dashen albasa mai kyau ya jera a wurin.

Ranar da aka sallamo ta, ya kai ta bayan ɗaki yana murmushi.

"Inna, waccan taki ta lalace, ko kai guda ba ta yi ba. Ga ta ƙwarai nan."

Tabawa ta daɗe tana duban wurin.

"Mi ka yi da ita?"

"Awaki suka ci. Ai ciyawa ce."

"Ubanka ya kawo ta," in ji ta. "Allah shi yi maka albarka."

Washegari ya hau mota, yana ganin ya kyauta.

Ta tone wurin da yatsu, ta tankaɗe ƙasar a faifai, ko saiwa ɗaya ba ta samu ba. Albasar Jibrin ta yi kawuna manya, Tabawa ta rabar wa maƙwabta. Kusurwar da marar-kai yake kuwa, kullum da safe sai ta zuba mata ruwa rabin buta.