Zaren Farar Taguwa

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, lokacin fari da ake rabon jar dawa a bakin kamiyo, babbar motar kaya, farar taguwar Nomau ta durƙusa a hanyar Dabaga ba ta sake tashi ba. Da wannan raƙumar yake ɗauko albasa daga Tabelot zuwa Agadez. Ya dawo gida da ragama a hannu, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya zauna. Tun daga ranar ko kasuwa bai leƙa ba, magana kuwa sai an ja ta daga bakinsa.

Matarsa Tabawa ba ta iya zama ta zuba wa abu ido ba. Duk lokacin da taguwar ke zubar da gashi, tana bi tana tsince mai laushin, ana yi mata dariya. Yanzu ta fito da shi, ta wanke, ta kaɗa a mazari, ya ba ta curi ɗaya tak. Abin da ya rage na dabbar ke nan a duniya. Niyyarta ta rina shi ja wur, irin jan tuntun sirdin da Nomau ke ƙauna, ta saƙa masa hula, ko Allah zai sa ya miƙe ya shiga mutane.

Galura ta ɓace daga kasuwa, amma madafa ba ta rasa komai ba. Maƙwabciyarta Aissa ta kawo soɓo cikin ƙwarya, da ɓawon jar albasa da ta share daga gindin buhu. Suka dafa har ruwan ya yi jawur, suka tace, Tabawa ta yi bisimilla ta tsoma zaren. Suna zaune a inuwa suna hira, suna dariyar yadda jar dawar rabo ke ƙin nuna. Rabon Tabawa da jin daɗi irin na ranar an daɗe.

To, hannun da ya saba dafa wake ba ya neman shawarar mai shi. Tana tsakiyar ba da labari, tukunya na tafasa, sai ta miƙa hannu ta gutsuro kanwa ta jefa.

"Yaya Tabawa! Kanwa kika sa!" in ji Aissa.

Ruwan ya yi kumfa, jan ya gudu a gaban idonsu. Tabawa ta tsamo zaren da muciya, ta ɗauraye, ta sake ɗaurayewa. Ina! Ya zama kore, kore shar. Ta shanya shi a igiya, ta zauna a kan turmi, hawaye na zuba, don babu wani gashin da za ta sake kaɗawa.

Da la'asar Nomau ya shigo ɗaukar buta. Ya tsaya a gaban igiyar ya daɗe. A garin nan kuwa an kwana biyu ba a ga kore ba, ko a kan itace.

"Mene ne wannan?"

"Gashin taguwarka ne, Malam. Jar hula na so in saƙa maka da shi, na ɓata shi."

Ya kama zaren da yatsu biyu, ya murza a hankali, ya kai hanci.

"Haka ganyen albasa yake a Tabelot in an ba shi ruwa da safe," ya ce. "Kullum sai taguwar ta saci loma ɗaya, mai lambu na zagina."

Sai ya yi dariya, ta farko tun mutuwar taguwar. Ya ce ya ji masu lambun Tabelot na neman hannu wajen ƙara zurfin rijiyoyi, kuma kamiyo zai tashi ranar Alhamis.

"Can da sanyi, Tabawa. Hular za ta samu kafin nan?"

Ta goge fuska da bakin zane, ta tashi ta taɓa zaren ta ji ko ya bushe.