Dogon Amin

A kwayar cocinmu, wato ƙungiyar mawaƙa, ni ce ta ƙarshe a layin alto, mata masu kaurin murya, jikin taga. Shiru-shiru suke ce mini. Ina buɗe baki dai, amma ni kaina da ƙyar nake jin muryata.

Sabuwar waƙar da Malam, mai koya mana, ya kawo tana ƙarewa da dogon "Amin", ƙirga goma sha biyu. Kullum muna kaiwa bakwai sai alto su yi ɗif, kamar an ɗauke wuta.

Ranar Laraba Malam ya buga sanda a benci. "Wannan ramin fa? Ku takwas, huhu ɗaya kuke karo-karo?"

Ni na san dalili. A layinmu ba mai kallon hannun Malam, kafaɗar Mama Tela muke kallo. Shekara talatin tana gaba. Tun da ta yi ciwon ƙirji numfashinta ba ya wuce bakwai, kuma kafaɗarta na ɗagawa kowa sai ya ja iska tare da ita.

Ashe shi ma ya lura.

"Mama, in ramin nan bai toshe ba ranar Lahadi, sai dai ki koma cikin jama'a ki huta."

"Ɗan nan, ina waƙa a nan tun kana tsotson yatsa."

Aka yi dariya. Amma da aka tashi na ga ta daɗe tana ninke takardar waƙarta.

A hanya na yanke shawara. Zan saci numfashina a biyar, lokacin da kowa ke da ƙarfi, in riƙe wurin da suke saki. Abin tsoron ɗaya ne: za a ji ni, ni kaɗai.

Kwana uku ina wanke-wanke ina jan Amin.

"Yaya, akuya ce ta maƙale a katanga?" in ji ƙanwata.

Na watsa mata kumfa, na sake daga farko.

Ranar Lahadi muka shiga dogon Amin, ina ƙirgawa a zuci. Huɗu. Biyar, na ja iska. Na ɗauke ido daga kafaɗar Mama na kafe shi a hannun Malam. Bakwai, suka saki.

Muryata ta fito siririya, tana karkarwa, ita kaɗai a layinmu. Kunya kamar in nutse. Ban saki ba. A tara Mama ta dawo da sauran, muka sauke Amin tare.

Malam ya yi ta leƙen layinmu yana neman mai muryar.

A bakin ƙofa Mama Tela ta damƙe hannuna. "Ke! Ashe da baki a fuskar nan?"

Na sunkuyar da kai.

Malam ya zo wucewa, ya yi gyaran murya. "Mama, Laraba ƙarfe huɗu. Kar ki makara."

"Na taɓa makara?" Ta juyo gare ni. "Ke kuma ki baro tagar nan. Kusa da ni za ki tsaya."