Ranar da Mai Guga Ya Goge Zanen Auta

Mai Guga mutum ne da ba ya iya ganin abu a yamutse ya wuce. Ko rigar jikin baƙo ce, sai ka ga hannunsa na ƙaiƙayi. To, wannan halin ne ya ja masa, ranar da Auta, ƙaramar 'yarsa, za ta kai zanenta kwaleji.

Wata Hajiya ce ta kafa wani tallafin karatu a can, don tunawa da ɗanta mai zane da ya rasu bai kai ga gama kwalejin ba. Duk shekara ɗalibi ɗaya ake ɗauka, a ɗauke masa nauyin komai har ya gama, kuma Auta ta kai zagayen ƙarshe. In ta samu, ta tafi karatu. In ba ta samu ba, teburin guga na nan yana jiran ta, don uban ba shi da halin kai ta ko ƙofar wurin.

Da gawayi ta yi zanen, a kan babbar farar takarda: kakarta ce zaune tana gyangyaɗi, baki a ɗan buɗe. Ta daɗe tana fama da shi, har abinci sai an yi da gaske take ci. Da safe ta shimfiɗa shi a teburin shagon da ke ƙofar gidansu, ta shiga wanka. Takardar ta jima a naɗe, gefenta duk ya tattare.

Mai Guga ya duba, ya kau da kai, ya sake dubawa. Haba! 'Yarsa ce za ta shiga gaban manyan mutane da abu kamar an kwana a kansa? Ya taɓa dutsen guga, ya ji zafin daidai. Sai hannu ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru: ya tsoma yatsu a kwanon ruwa, ya yayyafa, ya ɗora dutse ya ja.

Ja ɗaya tak ya yi. Da ya ɗaga, rabin fuskar tsohuwa ya tafi, baƙi ya shafe daga ido har haɓa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ya ɗauki tsumma zai goge, Allah ya taimake shi ya fasa. Ya shiga hurawa da baki, sai ka ce iska za ta dawo da idon. Yana cikin haka ya ji takun Auta.

Ta shigo ta tsaya. Ta dubi takardar, ta dubi dutsen da ke hannunsa.

"Na ga ya yamutse ne," ya ce, murya kamar ba tasa ba.

Wallahi da ta yi kuka ko ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Naɗe takardar ta yi a hankali, ta ce, "Baba, mu tafi kar mu makara."

Suka hau mota suka tafi. A kwalejin kuwa, barandar cike take da yara da iyayensu, kowa rungume da zanensa, wani har da gilashi a kai. Mai Guga ya zauna a ƙarshen benci ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyi, ya ji ya tsani hannuwan nan.

Da aka kira Auta ƙofar ba ta rufu sosai ba, yana jin komai. Malamin zane ne ya fara magana.

"Wannan fa? Me ya same shi?"

"Sakacina ne, Malam. Ruwa ne ya zube min a kai."

"Ayya. Hannunki na da kyau, ana gani. Amma ƙa'ida ita ce a kawo aiki kammalalle. Wadda ba ta iya kula da takarda ɗaya ba, ya za ta yi da..."

Mai Guga bai san lokacin da ya banka ƙofar ba. Ya durƙusa a tsakiyar ɗaki.

"Ranka ya daɗe, rufa min asiri take yi! Ni ne ubanta, ni na ɓata shi. Goge shi na yi da dutsen guga. Har ruwa na yayyafa."

Wani daga cikin malaman ya ƙunshe dariya. Dattijuwar da ke zaune a gefe, wato Hajiyar da ta kafa tallafin, ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon sa.

"Tashi, Malam," ta ce. "Kai gyara ka yi niyya. Ni da takardun zanen ɗana nake kunna wuta, ina ce masa ɓata lokaci yake. Yau 'yan waɗanda suka rage min ba su cika jaka ba." Ta juya wurin malamin. "A ba ta takarda da gawayi. Ga ubanta nan, ta zana shi mu gani."

Aka ajiye masa kujera. Kai, zama bai taɓa yi wa mutum wuya irin wannan ba! Ba ya ganin takardar, sai bayan allo da saman kan Auta, sai ƙarar gawayi, ƙar-ƙar-ƙar. Gwiwarsa na rawa, ya danne ta, ɗayar ta ɗauka. Gumi na shiga masa ido, yana tsoron ɗaga hannu ya share, kar ya sake ɓata mata wani abu.

Can Hajiya ta miƙe, ta zagaya bayan Auta ta tsaya. Ta kalli takarda, ta kalli Mai Guga, ta sake kallon takarda. Sai ta dafa kafaɗar yarinyar.

"Malam," ta ce masa, "ka fara sabawa da kewa. 'Yarka ta zama tamu."

Ya yunƙura zai zube ƙasa ya yi godiya, hawaye na bin gemunsa.

"Baba, don Allah kar ka motsa," in ji Auta. "Ban gama hannuwanka ba."