Baturan Jan Ɗigo

Ranar wata Talata ce, an wayi gari da yayyafi a Kisumu, kafin hantsi kuma rana ta buɗe har kwanon shagonmu yana ƙara. A ranar ne jami'ar hukumar duba ingancin kaya za ta zo ɗaukar baturan gwaji.

Shagon na Goggo Awuor ne, ƙanwar babana. Muna haɗa baturan fitilun da masunta ke ɗorawa a kan tafki don janyo ƙananan kifin omena. Wani ɗan kasuwa a Mwanza ya ce yana son kwali ɗari, amma ko ɗaya ba zai tsallaka iyakar Tanzaniya ba sai da takardar shaidar cewa ba ya fashewa, ba ya kama wuta. Goggo ta yi mini alkawari, in takardar ta fito, ni zan raka kayan. Ni da na gudu daga makaranta saboda zaman benci, ga shi na ƙare a wani bencin ina liƙa waya da dalma. Mwanza kawai nake mafarki.

Mu biyu ne masu haɗawa, kowa da ɗigon fentinsa a gindin batir. Baba Ogola, tsohon ma'aikacinmu, shuɗi. Ni ja. Goggo ta sa Baba Ogola ya haɗa guda goma na musamman, aka goge su, aka jera a tebur mai mayafi kamar kayan biki. Nawa kuwa aka tura su can ƙarshen kwalaye.

"Odera, kada ka yi magana in ta zo," in ji Goggo. "Hannunka rawa, bakinka rawa."

Jami'ar, Madam Jeptoo, ta shigo da lemarta, ta dubi teburin, ta yi murmushi.

"Mama, waɗannan na baƙi ne ko? Masunta ba su za su saya ba."

Ta wuce teburin, ta ratsa har bango, ta sa aka sauke mata kwalin ƙasa. Ta zura hannu ba tare da ta duba ba, ta zaro shida. Na leƙa gindinsu. Ja, ja, ja, duka ja.

Goggo ta zauna a kan bokiti. "Mun shiga uku. Na ɗan gudun makaranta ta kwasa."

Madam ta zuba shidan a wani kwali, ta rufe shi da hatiminta, ta ce wani daga shagon zai iya zuwa Nairobi ya ga gwajin. Kafin kowa ya buɗe baki na riga na ɗauki jakata.

A ɗakin gwajin aka tsayar da ni bayan gilashi mai kauri. Injiniyan, wani mai sanƙo da ake kira Kiprop, ya tambaye ni ko na yi bankwana da su.

"Bankwana kuma? Ba dubawa za ku yi ku ba ni abina ba?"

Ya kwashe da dariya. "Ɗan tafki, nan mahauta ce."

Na farko suka sako shi daga sama ya daki siminti, suka ɗauka suka sake. Ya tsage a gefe. Aka jona fitila, ta kama! Na buga gilashin da tafi har mai gadi ya harare ni. Na biyu aka nutsar da shi a ruwa, ya fito lafiya. Na uku aka haɗa bakunansa biyu da waya mai kauri, abin da Baba Ogola ke cewa ko a mafarki kada ka yi. Na rufe ido ɗaya. Sai ƙas, fis ɗin ciki ya yanke, ko hayaƙi babu.

"Wa ya liƙa wannan?" in ji Kiprop.

"Ni ne, ranka ya daɗe!"

"Muni kamar tuwon da yaro ya tuƙa. Amma ya riƙe."

Goggo ta kira ni a waya. "Yaya? Ya fashe?"

"Goggo, uku da nema! Saura uku!"

"Ƙwallo kake kallo ne, ɗan banza? Faɗa mini gaskiya!"

Na huɗu aka yi ta ɗura masa caji fiye da ƙima, ya ƙi karɓa. Na biyar aka sa shi ƙarƙashin injin matsa har ya baje, amma bai fashe ba. Na shida ne ya kusa kashe ni. Suka rufe shi a akwatin zafi, ina kallon allurar ma'aunin zafi tana hawa, batir ya fara kumbura kamar burodi. Kiprop ya daina dariya, ya jawo abin kashe gobara kusa da ƙafarsa. Na kama kiran sunan kakannina ɗaya bayan ɗaya. Ya kumbura, ya kumbura, ya tsaya. Aka jira. Bai kama wuta ba.

Na yi tsalle, kaina ya daki ƙarfen taga, ban ma ji ba sai da na ga jini a rigata.

Da takardar ta iso bayan 'yan makonni, Goggo ta dafa ugali, tuwonmu na masara, da soyayyen kifi, ta kira har maƙwabta. Ta ɗaga hannuna sama kamar ɗan dambe. Sannan ta ce mutumin Mwanza ya ji labari, ya ce shi jan ɗigo kaɗai yake so, ya kuma ƙara oda.

"Saboda haka, ɗana, ba inda za ka. Baba Ogola zai raka kayan. Kai koma benci."

"Goggo! Alkawarin fa?"

"Hannun da ya ci gwaji zan saka a mota? Ci kifinka."

Baba Ogola ya nemi aron jakata, na ba shi.

Abin da aka rasa: batura shida, riga ɗaya, fatar goshina kaɗan, da tafiyata Mwanza.